Katin Zinare a Aljihun Mutumin Batsari

A shekarar 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya ƙudurci sauke farali. Makka tana gabas da Katsina, amma Sarki bai fara nufar gabas ba. Sai da ya gangara kudu zuwa bakin teku, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, inda ya gana da Sarki Joji na Biyar, daga can ne ya juyo ya nufi ƙasa mai tsarki. Hanyoyin sufuri na wancan zamani an shimfiɗa su ne ta yadda duk mai son tafiya mai nisa cikin sauƙi sai ya bi ta ƙofar masu jiragen. Yau an haura shekara ɗari da wannan tafiya, jirgin sama ya gaji jirgin ruwa, amma mutumin Batsari ko Safana da ke son zuwa Dubai ko Landan yana nan yana irin wannan kewaye. Abin da ya ƙaru kawai shi ne, idan ya yawaita tafiyar, ana ba shi wani ɗan kati mai ruwan zinare, a ce masa ya zama babban fasinja.

Ya kamata a fara sanin mene ne wannan kati, domin da yawa daga cikin masu riƙe da shi ma ba su san asalinsa ba. A 1978 gwamnatin Amurka ta sakar wa kamfanonin jiragen sama mara, ta daina tsara musu hanyoyi da kuɗin tikiti. Da gasa ta yi zafi, sai manyan kamfanoni suka ɓullo da dabaru biyu. Ta farko ita ce kowane kamfani ya zaɓi wani babban filin jirgi ya mai da shi cibiyarsa, wato mahaɗar da yake tattaro fasinjoji daga ƙananan garuruwa, ya sake rarraba su zuwa inda za su. Ta biyu kuwa ita ce ɗaure fasinja da sakayya. A 1981 kamfanin American Airlines ya fito da tsarinsa mai suna AAdvantage, inda ake ƙirga wa fasinja yawan mil ɗin da ya yi a sama, a tara masa maki. Bisa al'adar da kamfanonin Amurka suka daɗe a kanta a da, wanda ya yi mil 25,000 a shekara guda ya hau matakin farko, mai mil 50,000 ya hau na biyu, mai mil 100,000 kuwa ya zama ɗan lele. Wanda ya hau irin waɗannan matakai ba ya bin dogon layi, ana ƙara masa nauyin kaya, yana jiran jirgi a ɗakin hutu na musamman, wani lokaci kuma a ɗauke shi daga kujerun baya a mai da shi na gaba kyauta. Daga baya kamfanonin suka haɗa ƙawance, Star Alliance a 1997, Oneworld a 1999, SkyTeam a 2000, ta yadda katin kamfani ɗaya zai yi aiki a wurin abokan ƙawancensa.

Duk wannan gata a cibiya aka gina shi. A can ɗakin hutun yake, a can ma'aikatan da suka san darajar katin suke, a can ne kuma idan jirgi ɗaya ya kuɓuce wa mutum ake da wani da zai tashi bayan 'yan sa'o'i. Ke nan, darajar katin tana raguwa daidai gwargwadon nisan gidan mai shi da cibiyar.

Wani abin takaici shi ne, arewacin Nijeriya ya taɓa zama mahaɗa. Tun a watan Nuwamba na 1925 jiragen sama suka sauka Kano, lokacin da jirage uku na sojan saman Ingila suka iso daga Masar. Daga 1936 jiragen fasinja suka fara zirga-zirga ta Kano, kuma shekaru da dama jiragen da suka taso daga Turai za su kudancin Afirka nan suke yada zango su sha mai bayan sun ƙetare Sahara. A Kano marigayi Alhaji Muhammadu Ɗan Kabo ya kafa Kabo Air a farkon shekarun 1980. Amma da aka ƙera jiragen da ke iya doguwar tafiya ba tare da tsayawa ba, kuma aka mai da gwamnatin tarayya Abuja a 1991, sai ƙafa ta fara ɗaukewa. Kamfanin KLM na Holan, wanda ya shafe fiye da shekara 60 yana sauka Kano, ya janye a 2012. Yawancin harkar jiragen sama ta ƙasar nan ta tattara a Legas da Abuja. Kano ta koma reshe, Katsina reshen reshe, Batsari da Safana kuwa ganye ne a can ƙarshen reshen.

A ɗauki misalin ɗan kasuwar da ke zaune a Batsari, wanda yake zuwa sarin kaya Dubai ko Sin sau da yawa a shekara, ko mai kamfanin kai mutane Umara, ko malamin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da iyalinsa ke Safana. Idan jirginsa zai tashi daga Kano da rana, tafiyarsa ta fara tun jiya. Mutumin Batsari zai fito ya bi ta Katsina, sannan ya kama hanyar Kano mai nisan kimanin kilomita 170. Na Safana zai bi ta Dutsin-Ma da Kankiya, ya faɗa babban titi ya wuce Tsanyawa da Bichi. Babu ɗayansu da zai yarda ya yi sammakon asuba ko ya kai almuru a hanya, domin ƙananan hukumomin biyu suna bakin dajin Rugu, kuma kowa ya san abin da yankin ya gani a hannun 'yan bindiga. Saboda haka zai kwana a Kano, ya biya masauki, ya biya mota. Wannan kashi na tafiyar shi ne mafi wahala da haɗari, amma ko mil ɗaya ba a rubuta masa a kansa. Kamfani yana fara ganinsa ne daga lokacin da ya ajiye jakarsa a kan sikeli.

Idan kuma ya ce zai hau jirgi daga Filin Jirgin Sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, to ya shiga wani lissafin. Jiragen fasinja da ke sauka Katsina ba su da yawa, kuma galibi Abuja suke nufa. Tsakanin Katsina da Abuja ta sama bai kai mil 300 ba. Da za a auna shi da ma'aunin mil 25,000 ɗin nan, sai ya hau jirgi fiye da sau 80 a shekara kafin ya taka matakin farko, alhali mazaunin Legas da ya je Landan ya dawo sau huɗu ko biyar ya riga ya kai. Wannan ma idan ana ƙirga masa ke nan. Gaskiyar magana ita ce babu kamfanin Nijeriya ko ɗaya a cikin manyan ƙawancen nan uku, don haka jirgin da ya ɗauke shi daga Katsina zuwa Abuja bai san da zaman katinsa na Habasha ko na Ƙatar ba. Tikiti biyu ya saya daga kamfanoni biyu da babu wata yarjejeniya tsakaninsu. Zai sauka Abuja ya ɗauki kayansa, ya ja su zuwa ɓangaren ƙasashen waje, ya sake aunawa. Ƙarin nauyin kayan da katin ya ba shi kyauta a babban jirgi, sai ya biya kuɗinsa a ƙaramin jirgi. Idan hazon hunturu ya sauka, aka jinkirta jirgin Katsina ko aka soke shi, babban jirgin zai tashi ya bar shi, kuma a wurin wancan kamfani shi fasinja ne da bai zo ba, ba wanda wani ya makarar ba. Sai ya isa Adis Ababa ko Alƙahira ko Doha katin yake farkawa daga barci, a buɗe masa ɗakin hutu, a miƙo masa shayi, bayan wahalar ta riga ta wuce.

Duk da haka, zama nesa da cibiya ba asara ba ne zalla, kuma adalci ne a faɗi wannan. Matafiya a Amurka sun daɗe da lura cewa mazaunin cibiya fursunan kamfani ɗaya ne, domin inda kamfani ya mamaye fili yakan tsawwala kuɗin tikiti, kuma masu katin zinare sun yi yawa har gatan ba ya isar kowa. Mutumin da ke gefe yana da zaɓi. A Kano, kamfanin Masar ya daɗe yana sauka, na Habasha ya shigo a 2014, na Ƙatar a 2022, ga kuma na Saudiyya mai zuwa Jidda. Mutumin Safana da ya sha wahalar zuwa Kano yana da ikon duba wanda ya fi araha, ko wanda lokacin tashinsa ya fi dacewa da hanyarsa ta komawa gida da rana. To, a nan ne katin yake yi masa illa mafi girma, domin an ƙirƙire shi ne musamman don ya kashe wannan zaɓi. Sai a ga mutum ya bar jirgin da zai kai shi Jidda kai tsaye, ya bi ta wata ƙasa ya kwana a filin jirgi, don kawai makinsa ya cika kafin shekara ta ƙare. Ya sayar da kwana guda na rayuwarsa da kuɗi masu yawa, ya sayi kujera mai laushi ta sa'a biyu. Ko a kasuwar ƙauye, wanda ya yi irin wannan ciniki ba a kiransa gwani.

Bugu da ƙari, makin da ake tarawa bashi ne a kan kamfani, kuma kamfanin ne ke da ikon sauya darajarsa duk ranar da ya so. Daga 2015 manyan kamfanonin Amurka suka fara komawa ƙirga kuɗin da fasinja ya kashe a maimakon nisan da ya yi, wasu na sauran ƙasashe suka bi sahu. A Nijeriya kuwa matsalar ta wuce nan, domin kamfanonin kansu ba su cika yin tsawon rai ba. Nigeria Airways ya daina tashi a 2003. Virgin Nigeria da ya fara aiki a 2005 ya rikiɗe ya zama Air Nigeria, ya rufe a 2012. Okada da Bellview da Sosoliso da Chanchangi duk sun zama tarihi. Wanda ya tara maki a kamfanin da ya mutu, ya yi ajiya ne a rumbun da gara ta cinye.

Akwai lokacin da mazauna cibiya suka ɗanɗani abin da mutanen gefe suke sha. A watan Maris na 2017 aka rufe filin jirgin Abuja na tsawon mako shida don gyaran titin saukar jirage, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna. Nan take ƙasa ta ɗauki zafi. Gwamnati ta gyara hanya, ta tanadi motocin ɗaukar fasinja kyauta, ta jibge jami'an tsaro tsakanin Kaduna da Abuja. Yawancin kamfanonin ƙasashen waje suka ƙi sauka Kaduna, na Habasha ne ya amince ya kai jirginsa. Tafiyar sa'a biyu zuwa uku a mota kafin a isa filin jirgi ta zama abin da majalisa da jaridu suka yi ta muhawara a kai. Mako shida kacal aka yi ana wannan. Mutumin Batsari kuwa haka yake yi tun ran da ya fara hawa jirgi, babu motar gwamnati, babu rakiya. A watan Satumba na 2021 ma, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, Batsari da Safana suna ciki. Watanni aka yi a haka. Kamfanonin jirage kuwa ta saƙon waya da intanet suke sanar da sauyin lokaci. Wato mai katin zinare yana iya barin gida ya kama hanya mai haɗari zuwa ga jirgin da aka soke tun daren jiya, saƙon yana can yana jiran ya shigo inda akwai sabis.

A nan mai karatu yana iya tambaya, kuma tambayar tana bisa hanya: a yankin da aka kori mutane daga ƙauyukansu, aka kashe manoma a gonakinsu, aka rufe makarantu, wa ke da sauran hawayen da zai zubar wa attajirin da bai samu ɗakin hutu ba? Malamin da za a tura firamare a Runka ko Wagini, wanda wataƙila albashinsa na wata bai kai kuɗin tikitin zuwa Abuja da dawowa ba, me ya haɗa shi da wannan zance? Amsar ita ce ba a neman tausayi ga mai kati. Abin dubawa shi ne wanda yake zaune kusa da shi a cikin jirgin. Akwai marar lafiyar da dangi suka yi karo-karo za a kai shi asibiti a Alƙahira. Akwai ɗalibar da ta samu gurbin karatu a waje, da tsohon da ya sayar da shanunsa zai je Umara. Duk abin da ya sami babban fasinja na makara da asarar tikiti yana samun waɗannan, su kuma ba su da kuɗin sayen wani tikitin, ba su da lambar wayar kowa. Idan har wanda kamfani yake kira ɗan lele yana shan wannan wuya, to a ƙiyasta halin wanda ko sunansa kamfanin bai riƙe ba.

Sannan akwai wani nau'in gata da ya fi na kati ƙarfi a filayen jiragen ƙasar nan, wato gatan muƙami da sanayya. Batsari da Safana da Ɗanmusa mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma duk wanda ya riƙe irin wannan kujera, ko ta kwamishina, ko wani babban muƙami, yana cikin waɗanda suka fi kowa zirga-zirga tsakanin Katsina da Abuja. Irin waɗannan ba sa buƙatar maki. Akwai ɗakin manyan baƙi, akwai yaran da za su riga su zuwa su karɓi takardar shiga jirgi, akwai wanda zai buga waya ya gaya musu gaskiyar lokacin tashi. Illar wannan ita ce mutanen da ke da bakin da za a ji idan sun yi kuka su ne aka keɓe daga jin zafin. Haka nan, duk lokacin da hanyar mota ta lalace ko ta zama tarkon masu garkuwa da mutane, manya sukan koma sama, matsin lambar gyara ta kuma ya ragu. An ga iyakar wannan dabara a watan Maris na 2022, lokacin da 'yan bindiga suka kai hari filin jirgin Kaduna, bayan kwana biyu kuma suka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, har wasu kamfanoni suka dakatar da sauka a garin na wani lokaci. Sama ba ta da tsaron da ƙasa ba ta da shi, tunda dole a sauko.

Wani zai ce ai Katsina tana da nata, tunda Max Air na Alhaji Ɗahiru Barau Mangal ne, ɗan asalin birnin. Haka ne, kuma kamfanin ya yi suna wajen jigilar alhazai kafin ya fara zirga-zirgar cikin gida a 2018. Amma ko shi a Kano ya kafa cibiyarsa, kuma babu laifi a kansa, domin jirgi inda fasinja suke yake bi, ba inda aka yanke cibiyar mai shi ba. Sau ɗaya ne a shekara Katsina take zama mahaɗa ta gaske, wato lokacin aikin Hajji, sa'ad da maniyyata daga Batsari da Safana da sauran ƙananan hukumomi 32 na jihar suke taruwa a sansanin alhazai, babban jirgi ya sauka ya kwashe su zuwa Saudiyya ba tare da sun bi ta Kano ko Abuja ba. Wannan ya nuna filin yana iya ɗaukar manyan jirage. Abin da babu shi ne yawan fasinjan da zai cika su kowace rana, kuma babu dokar da za ta haifar da fasinja.

Saboda haka kiran a mai da Katsina cibiya, ko a kafa kamfanin jirgi na jiha don alfahari, ba shi ne mafita ba. Abubuwan da za su sauƙaƙa wa matafiyin yammacin Katsina ƙanana ne, ba su da armashin yanke kyalle. Mafi muhimmanci shi ne yarjejeniya tsakanin kamfanonin cikin gida da na waje, ta yadda mutum zai sayi tikiti ɗaya daga Katsina har inda za shi, a auna kayansa sau ɗaya, idan jirgin farko ya makara kuma nauyin ya hau kan kamfani. Wannan aiki ne da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa da ma'aikatar sufurin sama za su iya matsawa a kai lokacin da suke ba kamfanonin waje izinin sauka. Gwamnatin jiha kuma tana iya zama da kamfanonin da ke zuwa Katsina a daidaita lokacin tashi da sauka, domin jirgin da ya sauke mutumin Safana da magariba ya tilasta masa kwana a birni. Na'urorin da ke taimaka wa jirgi sauka cikin hazo sun fi sabon ɗakin manyan baƙi amfani ga kowa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda aka tsara ya ratsa ta Katsina, idan ya kammala ya kuma yi aiki kan lokaci, zai iya zama ainihin abin da zai haɗa Katsina da filin jirgin Malam Aminu Kano.

Akwai kuma haƙƙin da doka ta riga ta bai wa kowane fasinja, mai kati da marar kati, wanda yawancin mutane ba su sani ba. Ƙa'idojin hukumar sun tanadi cewa idan jirgin cikin gida ya yi jinkirin sa'a biyu, kamfani ya ba fasinja abin taɓawa da hanyar sanar da iyalinsa, idan jinkirin ya yi tsawo yana da ikon neman a mayar masa da kuɗinsa, idan kuma dare ya raba a kama masa masauki. Hukumar tana da jami'an karɓar koke a filayen jirage. Sau da yawa fasinjoji sukan yi ta hayaniya a gaban kanta har su gaji, su watse, ba tare da ko mutum ɗaya ya rubuta koke ba. Mai katin zinare yakan ja jikinsa gefe ya buga wa wanda ya sani waya, a lallaɓa a sama masa kujera a jirgin gobe, sauran kuma kowa tasa ta fisshe shi. Da shi ne ya tsaya ya karanta wa tsohon nan mai zuwa Umara abin da doka ta ce, ya jagoranci rubuta koken da sunayen duk waɗanda ke wurin, da kamfanin ya fi jin nauyinsa fiye da yadda yake jin nauyin katin. Har yanzu dai sanarwar da ake yi a lasifika a yawancin filayen jiragen ƙasar nan da Turanci ake fara ta, wani lokaci da shi ake ƙarewa, kuma ba kasafai ake ganin waɗannan ƙa'idoji a manne a bango da Hausa ba, ko a Katsina ko a Kano.